Za ka sauya gilashin gaban babur? Fara auna hancinka

Idan kana cikin masu kallon bidiyon 'yan babur a TikTok ko Instagram, ka san irin hoton da nake nufi: ƙaton mashin, akwatuna biyu a gefe, ga wani dogon gilashi mai duhu a gaba yana sheƙi. Kana gani sai ka ji a ranka, wallahi nawa ma sai na ɗaura masa irin wannan. To ɗan'uwa, dakata tukuna. Gilashin nan yana ƙara wa mashin kwarjini, ba musu, amma aikinsa na gaskiya shi ne tsayawa tsakanin fuskarka da duk abin da hanya za ta watso maka: iska, ƙura, tsakuwa, ƙwari. Idan ka dace da zaɓi, sai ka yi tafiyar awa uku ka sauka da sauran ƙarfinka. Idan ka yi zaɓen tumun dare, shi ne zai rufe maka ido a daidai lokacin da ka fi buƙatar gani.

A nan Sakkwato babur ba baƙo ba ne. Ɗan kabu-kabu, ɗalibi, malami, ɗan kasuwa, kowa da nasa. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, har masu mota da yawa sun jingine ta sun koma ƙafa biyu. Kuma ba zirga-zirgar cikin gari kaɗai ake yi da shi ba. Wani kullum sai ya bar unguwarsu ta Ƙofar Dundaye, ya haye gadar Kwalkwalawa zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Wani Illela yake zuwa ranar kasuwa, wani Argungu, wani har Birnin Kebbi, tafiyar kilomita kusan 150. Duk wanda ya taɓa ratsa fadamar nan da sassafe a watan Janairu ya san abin da iska ke yi wa ido da ƙirji. Shi ya sa idan gilashin mutum ya tsage, ko ya dushe har ba a ganin komai ta cikinsa, sauya shi ba almubazzaranci ba ne. Tambayar kawai ita ce: da wane iri?

Iska ba wasa ba ce

Bari mu fara da ɗan lissafi, ba mai ciwon kai ba. Ƙarfin da iska ke dukanka da shi ba ya ƙaruwa daidai da gudunka, ninkawa yake yi. Idan ka ninka gudu sau biyu, dukan iska sai ya ninka sau huɗu. Wato abin da ƙirjinka ke ɗauka a gudun kilomita 80 cikin awa ya ninka na gudun 40 har sau huɗu. Shi ya sa a cikin gari ba ka jin komai, amma da ka hau hanyar Tambuwal ka murɗa totur, bayan awa guda wuya ya ƙage, kafaɗu sun yi tsami, hannaye sun gaji da riƙo. Gajiyayyen mahayi kuwa shi ne wanda ba ya ganin rami sai ya faɗa.

Ga wani lissafin. A gudun kilomita 80, babur na cinye kusan mita 22 a kowace daƙiƙa. Idan ƙwaro ya faɗa maka ido ka runtse na daƙiƙa biyu, ka yi tafiyar mita 44 a makance. Ka tuna yadda shinge ke fitowa bayan ruwan farko, su yi dafifi a gaban fitila. To ka ga amfanin gilashi.

Amma gilashi ba ya kashe iska, karkatar da ita yake yi. Yana ɗaga ta sama, ta wuce, sannan ta rikito a bayansa tana murɗawa. Duk rigimar zaɓen gilashi a kan inda wannan iskar za ta rikito take. Idan ta sauka a kan ƙirjinka, da sauƙi. Idan ta tsallake kanka gaba ɗaya, madalla. Idan kuwa ta sauka daidai kan hular kwanonka, ka shiga uku: kai zai riƙa karkarwa, kunne ya cika da ƙugi, gani ya riƙa rawa. Da yawan waɗanda ke cewa sabon gilashi ya sa musu ciwon kai, wannan ne ya same su. Da muguwar rawa gara ƙin tashi: gilashin da bai dace da tsawonka ba, gara babu shi.

Ta sama ake kallo, ba ta ciki ba

Wannan ita ce ƙa'idar da nake so ka riƙe ko da ka manta sauran. A mota, ta cikin gilashi kake kallon hanya, domin akwai waifa mai share ruwa, akwai ruwan wanki. Babur ba shi da ko ɗaya. Saboda haka gilashin babur mai kyau shi ne wanda idan ka zauna zamanka na kullum, bakinsa na sama ya tsaya daidai da ƙarshen hancinka, idonka yana kallon hanya ta samansa.

Ka yi tunanin daren damina, kana dawowa daga makaranta, ruwa ya jiƙa gilashi, wata tirela ta watso maka taɓo, ga fitilar mota mai zuwa ta dallare shi. Idan gilashin ya wuce tsawon idonka, abin da za ka gani fari ne fat, babu hanya, babu gefen hanya. Haka a hunturu, ƙura na kwanciya a kansa cikin 'yan mintuna. Wanda gilashinsa ya tsaya a hanci, ko ya yi dauɗa yaya, idonsa na sama, yana ganin gabansa.

Yadda za ka auna kuwa ba ya buƙatar kuɗi. Kai babur wuri mai shimfiɗe, ka sauke shi daga jak, ka hau, ka zauna yadda ka saba zama idan tafiya ta yi nisa, ba zaman ɗaukar hoto ba. Mutum kan ɗan rankwafa bayan ya gaji, to wannan zaman za ka yi. Abokinka ya ɗauko kwali ya riƙe a inda gilashin zai zauna, ya karkata shi kamar yadda gilashin zai karkata, ya ja layi daidai hancinka. Ku yanke kwalin a nan. Ta saman kwalin ya kamata ka iya hango ƙasa daga kamar taku ashirin a gabanka zuwa can nesa. Wannan kwalin shi za ka riƙa zuwa shago, shi ne ma'auninka. Idan girman da ka samu ya faɗa tsakanin biyu, ɗauki gajeren. Gajere zai bar maka ɗan iska, dogo kuwa zai iya hana ka gani.

Kada ka ce ai abokina irin wannan ya ɗaura kuma yana jin daɗinsa. Shi dogo ne, kai gajere, ko kuma kujerarsa ta fi taka tudu. Gilashi kamar takalmi yake, na wani ba lalle ya shige ka ba.

Sunansa gilashi, amma roba ne

Muna ce masa gilashi ne kawai, amma na babur ba a yin sa da gilashi na gaske. Idan wani ya ce zai yanko maka na taga ko na tsohuwar mota ya ɗaura, ka gode masa ka wuce. Ranar da aka faɗi, wuƙaƙe ne a gaban wuyanka.

Roba iri biyu ake amfani da su. Akwai akirilik, wadda kamfanin Röhm na Jamus ya fito da ita kasuwa a 1933 da sunan Plexiglas. Akwai kuma folikabonet, wadda aka gano a 1953 a Jamus da Amurka kusan lokaci guda, wadda wasu suka fi sani da sunan Lexan. Kowace da halinta.

Akirilik ta fi sauƙin kuɗi, ta fi haske garau, tana jure rana ba ta saurin komawa rawaya, kuma idan ta yi ƙananan zane ana iya goge su da man goge roba. Aibinta shi ne ba ta da haƙurin duka. Tsakuwa mai ƙarfi ko faɗuwa ɗaya na iya tsaga ta, kuma idan ta fashe bakinta kaifi gare shi.

Folikabonet ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Irinta ake yi wa 'yan sandan kwantar da tarzoma garkuwa da ita, kuma yawancin murfin fuskar hular kwano da ita ake yi. Tana lanƙwasa maimakon ta fashe. Amma tana da laushin fata, ƙura kaɗan ke zana ta, kuma rana na mayar da ita rawaya, sai dai idan masana'anta sun shafa mata wani kariya mai tauri a sama. Mai wannan shafin ita ce ta fi tsada.

To wace ta dace da kai? Idan tafiyarka ta manyan hanyoyi ce, inda kake bin bayan tipa da tirela suna feso tsakuwa, nemi folikabonet mai shafi, ko da za ka ɗan jira kuɗi su cika. Idan yawanci daga gida zuwa makaranta ne da ɗan yawon cikin gari, akirilik mai kauri za ta yi maka. Abin gudu shi ne ta uku: siririyar robar nan mara suna, wadda ake sayarwa da araha, kana taɓa ta tana rawa kamar faranti. Wata biyu a ranar Sakkwato ta dushe, ta fara tsattsagewa daga bakin noti. Araha ba ta ado.

A shago mai kaya zai ce maka, "Wanga shi na na asali, ɗauki kawai." Kada ku yi gardama, duba da kanka. Kaurin na kirki yakan kai milimita 3 zuwa 5. Ɗaga shi ka kalli wani miƙaƙƙen abu ta ciki, kamar turken lantarki ko bakin gini, kana motsa shi a hankali. Idan turken ya riƙa lanƙwashewa kamar a cikin ruwa, ajiye. Shafa gefensa da yatsa, ya kamata ya zama sumul, ba kaifi. Sanannun kamfanoni irin su Givi na Italiya, Puig na Sifaniya, MRA na Jamus da National Cycle na Amurka suna buga sunansu da lambar samfur a jikin kayansu, kuma suna faɗin baburan da kowane gilashi ya dace da su. Sai dai ka san kasuwarmu, tambari ma ana buga na jabu, don haka idonka da hannunka su ne alƙalai. Idan ta intanet za ka yi oda, ko za a aiko maka daga Ƙofar Ruwa a Kano ko daga Nnewi, ka sa a turo maka awon tsawo da faɗi da tazarar ramukan noti kafin ka tura ko sisi.

Mashin ɗinka zai iya ɗauka?

A 2022, Kunle Adeyanju ya taso daga Landan a kan babur ya iso Legas bayan kimanin kwana 40, don wayar da kai kan yaƙi da cutar shan inna. Ya keta Sahara a kan Honda CB500X. Irin wannan mashin an ƙera shi ne da gilashinsa tun daga masana'anta, kuma a jikin gangar babur aka ɗaure shi, ba a kan sitiyari ba. Wannan bambancin yana da muhimmanci. Idan gilashi na jikin ganga, dukan iska a kan babur gaba ɗaya yake sauka. Idan a kan sitiyari yake, duk abin da iska ta yi masa, hannunka ne zai ji.

Yawancinmu kuwa Bajaj Boxer ne, ko Jincheng, ko Daylong, ko Haojue, masu inji tsakanin 100 zuwa 150cc, marasa nauyi. A kan irin waɗannan, sitiyari ake ɗaure gilashi. Ka ɗaura masa ƙaton allo irin na manyan babura, sai iska ta samu abin kamawa. Tirela na wuce ka, ko guguwar farkon damina ta bugo daga gefe a kan gada, za ka ji sitiyari na neman ƙwacewa. Ga shi kuma ƙaramin inji zai riƙa fama da ture iska, mai na tafiya a banza. Ga ƙaramin mashin, matsakaicin gilashi wanda ya kare ƙirji, faɗinsa bai wuce kafaɗunka ba, shi ne daidai. Sauran aikin kare fuska ka bar wa hular kwano mai murfi.

Ka kuma tuna da zafi. Daga Maris zuwa Mayu, ma'aunin zafi a garin nan yakan haura digiri 40. Dogon gilashi mai faɗi zai tare maka iskar da ke busar da gumi, ka zama kamar wanda aka rufe a tanda. Wanda ke da hali, ya nemi irin wanda ake ɗagawa a sauke, ko wanda ake cirewa cikin sauƙi: a ɗaura dogon da hunturu, a mayar da gajere da bazara. Wanda ke da ɗan rami ko tazara a ƙasansa ma ya fi, domin iskar da ke shiga ta nan tana rage waccan murɗawar da ke girgiza kai.

'Yar'uwa, ke da ake goyo a baya, da ke ma ake wannan magana. Sau da yawa gilashi yakan tsallakar da iska daga kan direba ya sauke ta a fuskar wanda ke bayansa. Idan yayanki ko maigidanki ya sauya gilashi kika ji iska ta ƙaru, mayafi na neman tashi, ki faɗa masa. Sau da yawa ɗan sauya karkatar gilashin kaɗai ke gyara abin.

Mai duhu ko fari?

Na san mai duhun ya fi kyau a hoto. Idan gajere ne can ƙasa da haɓarka, wanda ba ka taɓa kallo ta cikinsa, sa duk launin da ka ga dama. Amma idan ya kai hanci, ɓangaren hanyar da ke dab da tayarka ta cikinsa kake gani. Da magariba, a hanyar da babu fitilun titi, nan ne rami yake, nan akuya ke tsallakowa, nan jaki ke tsaye ba ya motsi. Fari garau ko mai ɗan hayaƙi kaɗan shi ne na matafiyi. Sitika kuma, ko ta ƙungiyar ƙwallo ce ko ta ɗan takara, a manna ta can ƙasa ko a kan tanki.

Wajen ɗaurawa

Kada ka miƙa wa bakanike ka tafi shan shayi. Tsaya a kansa. Ka tabbata an sa wosha ta roba a kowane noti, ciki da waje, kuma ba a ɗaure tamau har roba ta yi ƙara ba. Roba na buɗewa da zafi ta tsuke da sanyi fiye da ƙarfe, idan ba a bar mata wurin motsi ba, daga bakin ramin za ta fara tsagewa. Idan ramukan ba su dace ba har sai an huda sabo, a yi a hankali, musamman akirilik.

Bayan an gama, juya sitiyari har ƙarshe dama, har ƙarshe hagu. Gilashin bai kamata ya taɓa tanki ko madubi ba, bai kamata ya danne wayar birki ko ta kuloci ko ta totur ba. Tada injin ka sake juyawa: idan ƙarar inji ta ƙaru da kanta, waya ta maƙale, a kwance a sake. Kunna fitila ka ga ko haske na dawowa idonka ta jikin gilashin. Sannan ka gwada shi a hanyar da ba cunkoso, ka fara da ƙaramin gudu kana ƙarawa. Bayan kwana biyu ko uku ka sake bin notunan, domin girgizar hanyoyinmu na kwance su.

Kada ka kashe shi da tsumma

Yawancin gilasan da suka dushe a garin nan ba tsufa ya kashe su ba, gogewa ce. Ƙurar hunturu da ke taso mana daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, tana ɗauke da ɓarɓashin yashi wanda ya fi roba tauri. Duk lokacin da ka sa busasshen tsumma ko hannun riga ka share ta, kamar ka goga masa samfefa ne. Zuba ruwa tukuna ƙurar ta gangara, sannan ka bi da tsumma mai laushi da ɗan sabulun wanke kwanuka. Idan ƙwari sun bushe a kai, shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma na 'yan mintuna, za su saki da kansu. Fetur, kananzir, tina da ruwan goge gilashin taga duk ka nisanta su, suna cinye shafin kariya, su bar roba da ƙananan tsagu kamar saƙar gizo. A gidan mai ma ka kula kada a fantsama masa.

Wajen fakin, nemi inuwa ko ka yafa masa ƙyalle. Ban da dushewa, lanƙwasasshen gilashi na iya tara hasken rana wuri guda har ya narkar da robar mita.

Ba ya maye gurbin hular kwano

Wannan sai an faɗa, domin akwai masu ganin tunda sun ɗaura gilashi sun gama. Tun ranar 1 ga Janairu, 2009 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sa hular kwano, har aka yi ta labarin masu kifa ƙwarya a ka don kauce wa kamu. Abin dariya ne a lokacin, amma kwalta ba ta san wasa ba. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana bayarwa sun nuna cewa sa hular kwano yadda ya kamata na rage haɗarin mutuwa da kashi 42 cikin 100, na raunin kai kuma da kashi 69. Gilashi zai kare ka daga iska da ƙwaro. Ranar da taya ta zame, babu abin da zai yi wa kanka.

Saboda haka idan kuɗin hannunka na abu ɗaya ne, sayi hula mai murfin fuska, gilashi ya jira wata mai zuwa. Idan kuma na biyun sun samu, nemo kwali da abokin da zai riƙe maka, ku auna kafin ka taka ƙafa shago. Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya.